A ware shara mai guba kafin mai amalanke ya iso

Malam Edita,

Damina ta ƙarato, magidanta a Yamai suna ta ɗaukar samari masu amalanke don share gida. Shawararmu: a yi ciniki kan kowane sawu, a kuma tambayi inda za a zubar kafin a biya. Wasu cikin kwata ko kwarin Guntu Yena suke juyewa, ruwan farko ya kwashe zuwa kogi.

Abin da ya fi damunmu shi ne haɗa komai wuri ɗaya a cinna wuta. Gwangwanin maganin sauro na feshi fashewa yake yi. Batirin mota akwai dalma da asid a ciki, a ajiye shi tsaye, nesa da yara, a kai wa masu saye. Baƙin mai a rufe shi a bidon, kada a zuba ƙasa kusa da rijiya. Bidon na maganin ƙwari kuwa a ɗauraye sau 3 a huda gindinsa, don mun sha ganin an mayar da shi na ruwan sha. Jabel (ruwan bilic na wanki) da asid ɗin wanke masai kada su haɗu, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum.

Fasasshen kwalba da allura a sa su cikin gwangwani mai murfi. Yaron mai amalanke da hannu yake kwasa, a saya masa safar hannu.

Daga wasu ma'aikatan tsabta, Yamai