Rahoton ayyukan shekarar 2024 ga 'yan zumunta, Bur Sudan

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Addu'ar yammacin Juma'a da zaman kwamiti sun gudana yadda aka saba.

Kuɗin wata ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Fiye da rabinmu ba su biya ba tun Ista. Na san halin da ake ciki. Yawancinmu da kayan jikinmu muka baro Hartum bayan yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, hayar garin nan ta fi ƙarfin talaka, canjin takardun fam 500 da 1,000 a Disamba kuma ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya. Amma Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, na aiki. Ni da ma'aji mun gaji da bin gida gida cikin zafin nan, a ce mana "gobe".

Masu tambayar ɗan littafin koyarwar sulhu da muka yi alkawari, an gama rubuta shi, bugawa ce ta tsaya. Da madatsar Arba'at mai ba garin nan ruwa ta fashe a watan Agusta, ruwa ya yi tsada, sai kwamiti ya juya kuɗin bugun ya sayo wa gwauraye da masu jego jarkoki. Ba wanda ya ci ko fam ɗaya, littafin ma'aji a buɗe yake. Ziyarar 'yan'uwanmu na Kasala ma rashin kuɗin mota ne ya hana.

Ruwan nan dai shi ya jawo abin da ya fi faranta mini rai a bana. Kun san iyalai biyun da ke zaune gida ɗaya, waɗanda suka yi wata uku ba ko gaisuwa saboda ganga guda ta ruwa. Har yara an hana su wasa tare. Mun bi tsarin Matiyu 18 daki-daki: Mama shugabar mata ta fara ganin matan iyalan biyu, kowace ita kaɗai, sannan ta koma da shaidu biyu. Ba a kai ga gaban ikilisiya ba. A zama na uku Baba dattijo ya buɗe Matiyu 5:23-24, inda Ubangiji ya ce a bar baiko a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Ya ce, "'Ya'yana, ranar Lahadi da wane hannu za ku miƙa baiko?" Aka yi tsit. Can ƙaramar ta tashi, ta ɗebo ruwa a moɗa daga gangar da ake rigima a kai, ta durƙusa ta ce, "Yaya, ki sha, ki yafe mini." Yayar ta karɓa hannu na rawa. Ni kaina sai da na share hawaye.

Ranar Kirsimeti su biyun suka girka mana tuwo a tukunya ɗaya. Maƙwabcinsu Musulmi mai sayar da agashe, wanda ya sha raba su faɗa, ya kawo faranti guda kyauta, aka zauna shan jabana, wato gahawa, har dare.

Abin da ya sosa mini rai, wajen cin tuwon tsakar gida ta cika maƙil, amma lokacin da ake zirga-zirgar sulhun mutum biyar ne kacal. Wasunku tun bara ban gan ku a addu'a ba, sai dai a WhatsApp.

Akwai wata rigimar bashi tsakanin samarinmu biyu da ke jiranmu a Janairu, muna neman maza biyu da za su raka Baba. Mai bashin kuɗin wata kuma ya ga ma'aji bayan sujada.

Naku cikin hidima,
Magatakarda