Wasiƙa daga Guangzhou

Guangzhou,
lardin Guangdong, ƙasar Sin.

Zuwa ga aminina, Malam na Zazzau,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya tare da uwargida da yara, ina sane da cewa shirun ya yi tsawo, kuma saƙon da ka ba Yaya cewa wai Sinawa sun saye ni ya iso. Ba su saye ni ba, domin su ma sun san Bakano ya fi ƙarfin cinikinsu. Da Bazazzage ne, da tuni an sallama shi a farashin sari. Wata buƙata ce ta sa na zauna rubuta maka wasiƙa maimakon saƙon murya, amma sai na fara gaya maka abin da ya jawo ta.

A farkon Afrilu aka yi bikin da suke kira Qingming, ranar da iyalai suke fita sharar kaburburan kakanninsu, wanda gwamnati ta mayar ranar hutu tun shekarar 2008. Mutumin nan da nake sarin yadi a wurinsa ya rufe shago, ya ce in raka shi ƙauyensu. Dangin suka hau tudu da fartanya da tsintsiya, suka nome ciyawa, suka sabunta jan fentin rubutun da ke jikin duwatsun, sannan suka jera shayi da giya da gasasshen alade, suka kunna turare, suka ƙona takardu masu siffar kuɗi, bisa imanin cewa mamaci zai yi amfani da su a can. Daga nan suka riƙa rusunawa ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami. Ni dai na koma gefe, babu kuma wanda ya matsa mini ko ya ɗaure fuska. Ka san matsayinmu a kan miƙa abinci da sujada ga mamaci, don haka ba zan ɓata maka tawada a kai ba.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne bayan mun sauko. A tsakiyar ƙauyen akwai zauren kakanni, inda aka jera allunan katako ɗauke da sunayen magabata, mafi daɗewa a sama. Wani dattijo ya buɗe akwati ya fito da littafin asalin zuriyarsu, ya nuna mini wanda ya fara sauka a wurin, da 'ya'yansa, da inda kowane reshe ya ƙaura, har ya gangaro tsatso bayan tsatso zuwa kan mai shagon da ɗansa. Suna da wasu baitoci da magabata suka tsara, kowane tsatso yana ɗaukar harafi ɗaya daga ciki ya sa a sunansa, ta yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su ji sunan juna su gane wane ne baffa, wane ne ɗa, ko da ɗan ya girmi baffan. Sai dattijon ya sa aka tambaye ni kakanni nawa nake iya ƙirgawa. Na ambaci Baba, na ambaci Alhaji Babba, na ambaci mahaifinsa da laƙabin da muke ji a bakin Gwaggo, daga nan harshena ya ƙare. Dattijon bai yi dariya ba, kuma da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar nake bibiyar tushen wannan al'ada, kuma duk inda na bi sai in iske Konfushiyas, malamin da aka haifa a yankin Qufu na lardin Shandong a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa. A koyarwarsa biyayya ga iyaye ita ce saiwar dukkan halin kirki, kuma wanda ya iya ladabi a gida shi ne zai iya shi a gaban sarki. An ruwaito ya ce ciyar da iyaye kawai bai isa ba, tunda karnuka da dawakai ma ana ciyar da su, girmamawa ce take bambantawa. Da wani almajirinsa ya yi ƙorafin cewa makokin shekara uku ya yi yawa, shekara ɗaya ta wadatar, sai ya ce yaro ba ya sauka daga hannun iyayensa sai ya shekara uku. Wannan bai tsaya a bakin malamai ba, ya zama dokar mulki: ma'aikacin sarki idan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta rasu, sai ya ajiye muƙami ya koma gida wajen wata 27. A shekarar 1577, zamanin daular Ming, babban wazirin ƙasar Zhang Juzheng ya ci gaba da aiki bayan rasuwar mahaifinsa, fada ta hargitse, har aka yi wa waɗanda suka soke shi bulala, amma tabon bai bar sunansa ba. Ka kwatanta da namu manyan, waɗanda ake kammala sadakar uku suna kan hanyar Abuja. Zuriyar Konfushiyas kuwa har yau tana riƙe da littafinta. Bugun da aka kammala a 2009 ya ƙunshi sunaye fiye da miliyan biyu a mujalladi 80, kuma a nan ne aka fara shigar da mata.

Wannan batu na mata shi ne inda na rabu da su, kada ka ce sun gama da ni. Tunda ɗa namiji ne yake riƙe sunan gida yake kuma yi wa kakanni hidima, Menshiyas, wani babban malami mabiyin Konfushiyas, ya ce mafi munin rashin biyayya shi ne mutum ya rasa magaji, kuma 'ya'ya mata sun sha wahalar wannan magana ƙarni bayan ƙarni. A littafin da aka nuna mini, tsofaffin shafukan ba su san mace ba sai da sunan gidan ubanta a gefen mijinta. Akwai kuma labarai 24 na masu biyayya da ake koya wa yara tun zamanin daular Yuan. A cikinsu akwai yaron da yake ɗumama wa mahaifinsa shimfiɗa da jikinsa lokacin sanyi, wanda ya burge ni, akwai kuma wanda ya yi niyyar binne ɗansa da rai don abinci ya ishi mahaifiyarsa, wanda ko Sinawan kansu da yawa sun ƙyamace shi. Biyayyar da ba ta tsaya a iyakar da Mahalicci ya gindaya ba tana iya kai mutum nan.

Al'adar ma ta sha duka. A juyin juya halin al'adu na 1966 zuwa 1976 an ƙona littattafan asali da allunan kakanni, an tone kaburbura har a Qufu, kuma dattijon ya ce nasu littafin a ɓoye ya tsira. Bayan haka dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda aka janye a ƙarshen 2015, ta bar matasa da yawa suna ɗauke da iyaye biyu da kakanni huɗu su kaɗai, suna kuma aiki a birane masu nisa. Har ta kai a 2013 aka sa a doka cewa dole 'ya'ya su riƙa ziyartar tsofaffin iyayensu. Na so in yi musu dariya, sai mai shagon ya karanto mini maganar Konfushiyas cewa mai iyaye a raye ba ya tafiya nesa, in kuwa ya tafi, to a san inda yake. Ka san rabona da ganin Inna, don haka na haɗiye dariyar.

Ga buƙatar. Mu a wurinmu jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda yana nan a rubuce, gidajen malamai ma suna da salsalarsu, amma gidan fatake irin namu asalinsa yana cikin kan tsofaffi ne kawai, alhali hadisi ya umarce mu da sanin nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Baffa ne ya rage mana, kuma Yaya ya ce tun damina ƙafar ta hana shi fita masallaci. Ina roƙonka ka je ka zauna da shi, tunda ya fi sakewa da kai a kan mu 'ya'yansa. Ka tambaye shi sunan yanka na mahaifin Alhaji Babba da wanda ya haife shi, da garin da suka taso kafin su sauka Kano, da gaskiyar zancen fataucin goro zuwa Gwanja, da wannan ƙanen nasu da aka ce ya zauna a Salaga bai dawo ba, ko ya bar baya. Ka haɗa da Gwaggo, domin ita ce ta san matan, kuma ina so a rubuta sunan kowace uwa da gidan da ta fito. Ka ɗauki muryarsu a waya, ka kuma rubuta a takarda, in dai rubutun naka ya gyaru tun bayan makaranta.

Na ji an sa ranar ƙanwar uwargida, Allah ya sanya alheri. Ka gaya mini launin ankon in turo yadin tare da kayan Yaya. Ka tafi wa Baffa da goro fari, ba ya cin ja, kuma kada ka je bayan la'asar, lokacin barci yake ɗaukarsa. Ka gaishe da mutanen majalisa baki ɗaya.

Wassalam.

Naka har kullum,
Ubangidanka na Kano