Ruwan sama ba dalilin soke darasin motsa jiki ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Mu malamai ne masu koyar da motsa jiki a makarantun firamare na Zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase. Muna roƙon fili kan wata ɗabi'a da ta zama jiki: da hadari ya haɗu, sai darasinmu ya koma lissafi, ko a ce yara su kifa kai a tebur. Damina biyu muke da ita a nan, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan ƙurar hunturu ta biyo baya. In sai fili ya bushe za a yi darasin, kusan rabin shekara ta tafi. Alhali darasin yana cikin manhajar da aka fara amfani da ita a 2019, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum.

Cikin aji ma ana yi, sai dai ba duk yara lokaci ɗaya ba. A tura tebura jikin bango, kada a ɗora wani kan wani, don yana rikitowa. Yaro ya buɗe hannuwansa ya juya. In bai taɓa kowa ba, wurinsa ke nan, wajen murabba'in mita biyu. Da wannan awon malam zai ga tsakiyar aji ba ta ɗaukar fiye da yara 15 zuwa 20. Aji mai yara 50 sai a kasa shi uku. Kashi na farko a tsakiya, suna tsalle a inda suke tsaye ko suna ampe bibbiyu, wasan tsalle da tafi da ba ya cin wuri amma yana sa haki (maza kan noƙe da farko, wai wasan mata ne, har sai an fara ƙirga maki). Na biyu su jingina baya da bango, gwiwa a lanƙwashe kamar mai zama a kujerar da babu, daƙiƙa 20, su huta, su sake. Na uku suna zaune suna jifa da cafewa.

Minti 30 ya isa: 4 na kawar da tebura, 4 na ɗumama jiki, 15 na zagayawa, biyar-biyar, 3 na miƙa da numfashi, 4 na mayar da kaya.

Yawancin raunin da ake samu, daga ƙasa yake. Yara na shigowa da caɓi, siminti mai sulɓi ya jiƙe, tsalle ɗaya sai ga haɓa a fashe. A shimfiɗa buhu a bakin ƙofa, a goge daɓen ya bushe kafin a fara, in kwano na yoyo a zagaye wurin da alli, haka ma ramukan daɓe. Ko takalmi ko ƙafa tsirara, amma ban da safa kaɗai, ta fi komai zamewa. A shafa gefen tebura don ƙusa. Fanka in ta yi ƙasa a kashe ta. Gudu da langa ta ture-ture a bar wa fili. Tsayuwa da ƙafa ɗaya kuwa ba laifi.

Ƙwallon fata ba ta shiga aji, gilasan taga ne za su biya. A cika tsohuwar safa da gwangwanin madara ɗaya na masara, a ƙulle bakinta. Ba ta gangarawa ƙarƙashin tebur, ba ta fasa komai. Kada a sa yashi, yana tsiyaya ya sa santsi. A adana safar a bokiti mai murfi saboda ɓera.

Ruwa in yana dukan kwano ba a jin muryar malam, usur kuma ya hana ajin da ke maƙwabtaka karatu. Don haka a koya wa yara alamun hannu tun ranar da gari yake garau: hannu sama a tsaya cak, juya yatsa a sauya wuri. A buɗe tagogin ɓangaren da feshi ba ya shigowa, in ba haka ba zafi da gumi su cika ɗakin, wani ya fara jiri. 'Yan mata su cusa gefen hijabi a riga, a cire fil. Ana tsawa, ba mai fita baranda. Da hunturu kuma a yayyafa ruwa kafin shara, a jira ya bushe kafin a fara darasi, mai asma ya zauna kusa da malam da maganinsa.

Roƙonmu ga shugabannin makarantu da jami'an sa ido na Hukumar Ilimi ta Gana, har da sashenta na makarantun Islamiyya, shi ne kowane malami ya rubuta darasin ranar ruwa a littafin shirinsa tun farkon zango, a kuma duba shi kamar yadda ake duba na lissafi. Iyaye su taimaka da tsofaffin safa da buhuna.

Wassalam.

Wasu malaman motsa jiki,
Asawase, Kumasi