Godiya ga masu kawo mana ruwan naitirojin daga Bukuru

Assalamu alaikum. Wannan takardar zuwa ga Alhaji ne, mai kamfanin nan na Bukuru da ke sayar da ruwan naitirojin, wato iskar naitirojin da aka sanyaya har ta zama ruwa mai tsananin sanyi, ga likitocin dabbobi da masu kiwon shanu na zamani, da manajansa, da kuma dattijon direbansu wanda mu a lab Baba kawai muke ce masa. Na sa ta a fili ne don godiyar waya ba ta wuce kunne biyu, ni kuma so nake jama'a su ji.

Alhaji ranka ya daɗe, ni ne ɗan ƙaramin kwastoman nan naku, ɗalibin mastas a fannin fiziks a nan Jos. Manyan masu sayenku mutanen wajen Vom ne masu ajiye maniyyin bijimai, su manyan tankuna ake cika musu, ni kuwa ɗan tulu ne da ni na lita kaɗan wanda ribarsa ko man mota ba na jin tana biya, amma wallahi ban taɓa ganin an yi min kallon raini ba, in manaja ya ce bakwai na safe to bakwai ɗin ce. Wanda bai san kayan nan ba ba zai gane girman wannan ba. Ruwan naitirojin ba ya jiran kowa, ko a cikin tulunsa mai bango biyu a hankali yake tsiyayewa ya koma iska, na'urar auna haske kuma layi ake bi, in ranarka ta wuce sai ka jira wani zagayen, ga kuma wutar da ba ta da tabbas.

Baba ya sha tambayata wai kai da ba ka da ko akuya me kake yi da wannan sanyin, to Baba ga amsarka a gaban kowa.

Azurfa nake nazari, amma ba ta zobe ba. Idan aka yi ta rage ƙarfe har ya koma ƙwayoyin da ido ba ya gani, launinsa canzawa yake yi. Zinare a cikin ruwa ja yake zama don yana shan haske wajen nanomita 520 (ma'aunin tsawon zangon haske ne, wanda shi ke bambanta launi da launi), azurfa kuma ruwan ɗorawa don tata wajen 400 ce, tun 1857 Michael Faraday ya haɗa irin wannan jan ruwan zinaren a Landan. To in aka ƙara ragewa har ya zama atam biyu, uku, takwas, ashirin ne kawai suka dunƙule, sai abin ya daina halin ƙarfe gaba ɗaya, kowane dunƙule da launukan hasken da yake sha da waɗanda yake fitarwa, ka ƙara atam ɗaya tak sai komai ya sake. A 1984 Walter Knight da abokan aikinsa a jami'ar Bakili ta Amurka suka ga dunƙulen sodiyam masu atam 8, 20, 40 da 58 sun fi saura ƙarko, har yanzu da wannan ake buɗe darasin.

Matsalar ita ce zafi. A zafin ɗaki atam ɗin rawa suke ta yi, layukan awon hasken da ya kamata su fito siri-siri a kwamfuta sai su baje su haɗe su zama tudu guda mara fasali, kamar ka tsaya tsakiyar kasuwar Taminus da rana kana so ka ji abin da mutum ɗaya ke faɗa. Sanyi ne ke sa kowa ya yi shiru. Shi ya sa a manyan lab na Turai suke zaɓo dunƙule mai adadin atam ɗin da suke so, su binne shi cikin daskararriyar iskar agon ko niyon a 'yan kelbin kaɗan sama da sifilin ƙarshe (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga sifilin ƙarshe, wato sanyin da babu na gaba da shi), dabarar da George Pimentel ya fito da ita a 1954, wasu ma cikin ɗigon hiliyam, wata iska da aka mayar ruwa, suke saka shi inda sanyin ya kai kelbin 0.37. Mu ina muka ga hiliyam, kuɗinsa kaɗai ya isa ya sa supabaiza ya yi ta salati. Abin da hannunmu ya kai shi ne naku, kelbin 77, wato digiri 196 ƙasa da sifili, ku da kuke kukan hunturun Jos a watan Janairu ku ji fa.

Ranar da na fara tsoma siririn bututun samfurina a ciki, ruwan ya yi ta tafasa yana huci, farin hayaƙi ya gangaro daga tebur yana rarrafe a ƙasa, barasar da na narkar da samfurin a ciki ta daskare garau kamar gilashi, da na haska fitilar sai ga hasken da yake fitarwa ya ƙaru, tudun nan da na gaji da kallo ya tsuke. Ba irin na Turawa ba ne, amma babi guda na rubuta a kansa.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne Baba bai taɓa sauke tulu ya juya haka kawai ba. Shi ya hana ni sa shi cikin tasi a rufe gilashi, ya ce a bayan a-kori-kura ake ɗauka don in ya zube yana korar iskar numfashi mutum bai sani ba sai dai ya faɗi, shi ya nuna min ba a taɓa toshe bakin tulun gam don lita ɗaya tana komawa iska kusan lita 700, har tsohuwar safar hannunsa ya ba ni aro. Duk wannan yana cikin littattafanmu, amma a bakinsa na fara ji da Hausa.

Ɗalibai 'yan uwana na kemistiri da fiziks, masu buƙata ku kira su tun da wuri ku zo da tulun da ba ya yoyo, za ku ga aiki. Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi, Ya albarkaci kasuwa, Ya tsare Baba a hanya. Na gode ƙwarai.

Naku,
wani ɗalibin fiziks, Jos