Anti, ɗana yana ganewa da hannu amma takarda ta gagare shi

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe, wallahi abin ya daɗe yana ci min rai.

Yarana biyu ne, mace 'yar shekara 11 da ƙaninta ɗan shekara 9. Ita yayar ba ta da matsala, malami na magana tana ɗauka, ta dawo gida ta maimaita miki tsaf. Shi kuwa sai ki zauna ki yi ta bayani har muryarki ta dishe, yana kallonki yana gyaɗa kai, ki tambaye shi bayan minti biyar kamar ba a taɓa yi ba. Amma fa yaron nan shi ne ya kwance tocila gaba ɗaya ya mayar da ita ta kama. Rannan ana koya musu rabi da kwata a lissafi ya kasa, sai na yanka takarda gida huɗu na miƙa masa, ya jujjuya ya haɗa biyu, shi da bakinsa ya ce Mama ashe kwata biyu shi ne rabi. Abin da aka yi sati biyu ana rubuta musu a allo kenan fa. Sai da na yi ƙwalla.

Daga nan na shiga intanet na ci karo da tsarin VARK da wani malami ɗan ƙasar Niyuzilan, Neil Fleming, ya fito da shi a 1987, cewa wani da gani yake koyo, wani da ji, wani da karatu da rubutu, wani kuma sai ya taɓa ya aikata. Na kuma karanta labarin Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe gidan yara a birnin Rum a 1907 inda yara ke koyo da kayan da suke riƙewa a hannu. Na ce shikenan na gano ɗana. Da zumuɗina na tafi wajen malaminsu, ya saurare ni da mutunci amma ya ce ajin a cike yake shi kaɗai ne, ga manhaja da dole ya gama kafin jarabawa, jarabawar kuma a rubuce ake yi. Raina bai so ba, sai dai gaskiya ban ga laifinsa sosai ba.

To yanzu kuma sai ga wani bayani da ya dagula min lissafi. Ashe a 2008 wasu masana huɗu, cikinsu har da Harold Pashler, sun bi binciken da aka yi kan wannan magana suka ce ba su samu gamsasshiyar hujja ba cewa koyar da yaro ta salon da ya fi so yana ƙara masa sakamako. Wasu ma cewa suke darasin ne ke zaɓar hanya, taswira sai an gani, furuci sai an ji. Kuma abin da ya fi tsorata ni shi ne yaron ya ji ina ta cewa shi da hannu yake ganewa, yanzu da na miƙa masa littafi sai ya ce ai ni Mama ba na gane karatu. Ina jin kamar ni na saka masa wannan a kai.

Wani abin kuma har yanzu yana rikita b da d, yana tsallake layi, in aka ce ya karanta a fili jikinsa har rawa yake. Na ga ana kiran irin wannan disleksiya kuma ba daƙiƙanci ba ne ba lalaci ba ne. Babansu dai ya ce wasa ne ya yi masa yawa, a ƙara masa lesin kawai, ni kuma ina ganin in irin koyarwar ajin za a sake maimaita masa da yamma to wahala za mu ƙara masa.

Anti ya zan yi? In ci gaba da yanke-yanken takardar nan a gida ko in tsaya kan karatu duk da kukan da yake yi? Kuma wa ya kamata in fara kai shi wajensa a duba maganar haruffan, ta yaya zan shawo kan babansu ya yarda?

Taki,
Wata uwa mai sauraronki kullum