Wasiƙa daga Jidda: a dakata da shafe soron Baba da siminti

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. A gaishe mini da Inna, a ce mata lafiyata ƙalau. Barkanku da fitar damina.

Saƙonka ya iso tare da hotunan soron Baba, na ga inda yaɓen ya zube ta gabas da tsagar da ta fito a kan ƙofar zaure. Ka ce an yi shawara a sayi siminti a shafe ginin ciki da waje, a huta da gyaran kowace shekara. Don Allah Yaya a dakata. Abin da ake shirin yi shi aka yi wa gidaje da yawa a tsohon garin Jidda, yau kuma kuɗi ake kashewa ana ɓamɓare shi.

Tsohon garin shi ake kira Balad. Duk alhajin da ya je sayen tsaraba kasuwar Alawi ko Bab Sharif ya ratsa ta cikinsa, ko da bai ɗaga kai ba. In ya ɗaga, zai ga benaye hawa huɗu, hawa biyar, wasu har sun fi haka, babu rodi babu kankare. Yawancin na tsaye yanzu attajirai ne suka gina su bayan an buɗe mashigin Suwes a 1869, lokacin da jiragen ruwa suka yawaita kasuwa ta buɗe. A 2014 UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya.

Dutsen ginin sunansa mangabi. Murjani ne na bakin Bahar Maliya, mai ƙananan ramuka kamar soso, marar nauyi, ana sassaƙa shi da hannu a daidaita gefensa. Abin da ke riƙe shi laka ce da ake kwasowa daga tafkin Arba'in, a gefen garin. Bangon ƙasa kan kai kaurin santimita 80, yana raguwa a kowane hawa, daidai yadda maginanmu ke fara katanga da tubali da yawa a gindi su ƙare da ɗaya a sama. Dutse ne mai rauni, iskar teku kaɗai tana cinsa, saboda haka ba a barinsa tsirara. Ana shafe shi da nura, wato farar ƙasar da aka samu daga ƙona dutse.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce takalil. Bayan layi 5 ko 6 na dutse, wajen mita 1 ke nan, sai a kwantar da katako cikin bangon, ya zagaye ginin kamar ɗamara, a ɗaure shi a kusurwa. Ƙasar Jidda mai taushi ce, ruwa kuma kusa yake, gida yakan zauna ta gefe guda. Katakon nan ke raba nauyi, in tsaga ta taso daga ƙasa sai ta tsaya a kansa. Ga babban amfaninsa: idan duwatsun gindi suka ruɓe, magini zai tokare takalil ɗin da ke samansu, ya zare ruɓaɓɓun ɗaya bayan ɗaya ya sa sababbi, mutane na zaune a bene ba su fita ba. Wannan aiki suna ce masa ta'aliƙ, wato ratayewa. Ka ga tun ranar gini an yi shirin ranar gyara.

Rufinsu bai yi nisa da namu ba. Inda muke jera azarar giginya, su sandunan gandal suke jerawa, itacen bakin teku da ake kawowa ta jirgin ruwa, a shimfiɗa tabarmar kaba, a zuba ƙasa da tsakuwa, a rufe da nura. Ruwan sama ba a barinsa ya tafi a banza, ana bi da shi zuwa wani rami da aka gina a ƙarƙashin gida, sahrij, domin garin ba shi da ruwan daɗi. Sai roshan, tagogin katakon da ke turowa waje kamar akwati, wani lokaci daga hawan farko har na ƙarshe a haɗe. Katakon daga Indiya da Jawa ake kawo shi. Iska na shiga ta ramukan sassaƙar, rana ba ta shiga, matar gida tana ganin titi ba a ganinta, a nan kuma ake ajiye tulun ruwa ya yi sanyi.

Wanda ke son ganin wannan duka a wuri guda sai ya je gidan Nasif, wanda aka gina daga 1872 zuwa 1881. Nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga Jidda a 1925. Matakalarsa mai faɗi ce marar tsayi, yadda dabba za ta hau da kaya. A ƙofarsa akwai darbejiya, irin wadda muke rainawa a gida, amma a da bishiya ta yi ƙaranci a garin har ana kwatancen gidan da ita.

To me ke kashe waɗannan gidaje? Ruwa da gishiri, siminti kuma shi ke taimaka musu. Bangon mangabi yana tsotsar damshi daga ƙasa, damshin na ɗauke da gishiri. Muddin nura ce a jiki, damshin yana fita ta cikinta ya bushe, gishirin ya taru a kan shafen, shafen ya ɓarɓashe, bayan 'yan shekaru a kankare a sake. Asarar shafe ce kawai. Da masu gidajen suka koma sababbin unguwanni suka bar su a hannun 'yan haya, sai aka riƙa liƙe ɓarakar da siminti, a bi da fentin mai. Siminti ba ya barin damshi ya fita. Sai ruwan ya yi ta hawa a cikin bango yana neman hanya, gishiri ya daskare a cikin dutsen kansa ya mai da shi gari, ya kai ga takalil ya ruɓar da su, gara ta samu wurin zama. Daga waje bango sumul, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Ranar da zai tafi, falle guda yake ɓallewa da naman bangon a jikinsa. Ƙara da famfon da ke yoyo a banɗakin da aka ƙirƙira a hawa na uku, da ruwan na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga a kan roshan dare da rana, da wayar lantarki da aka ja barkatai cikin busasshen katako. Gobara ta ci gidaje da dama ta wannan hanya.

Masu gyara yanzu abin da suke fara yi shi ne cire simintin da guduma da kurfi, a hankali, ba da injin ba, sannan a bar bangon ya sha iska. Nurar ana jiƙa ta a rami ta yi makonni har ta zama kamar kindirmo. Awo 1 na nura, awo 3 na yashi, yashin kuma wankakke, don na bakin teku gishiri zai ƙaro. A jiƙa bango kafin a shafa, a yi shafe 3 sirara, kowanne bai wuce santimita 1 da kaɗan ba, a riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe da gaggawa. Wanda ya yi shafe guda mai kauri don ya gama da wuri, tsagewa zai yi.

Akwai kuma abin da ba ruwa ne ya ci shi ba. A da Jidda tana da ganuwa, wadda Husaini al-Kurdi ya gina a farkon ƙarni na 16 bisa umarnin Sarkin Masar Ƙansu al-Guri, saboda jiragen yaƙin Turawan Fotugal. Sun zo a 1517 ba su ci garin ba. Ta yi shekara fiye da 400 a tsaye, a 1947 aka rushe ta don gari ya faɗaɗa. Bab Makka, ƙofar garin da ake ɗaukar hoto a gabanta yau, sabon gini ne na tunawa, kamar dai yadda aka yi da Ƙofar Na'isa bayan an rushe ta a 2010. Bab Makkan ƙofa ce tsaye ita kaɗai a tsakiyar motoci, ba ta rufe komai. Kabarin da mutanen garin ke dangantawa da Nana Hauwa'u, wanda wasu ke cewa daga shi sunan Jidda ya fito tunda jadda kaka ce da Larabci, an rushe gininsa a 1928, aka rufe wurin da kankare a 1975. Kindasa, injin tace ruwan teku da aka kafa tun zamanin Turkawa, babu shi, sai wasu ƙarafunansa da aka yi ado da su a bakin titi. Tsohon filin jirgi na Kandara, inda alhazanmu na farko da suka zo ta sama suka sauka, an daina aiki da shi a 1981.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne unguwannin baƙi. Tun ganuwa na tsaye, mutanenmu da suka zo hajji a ƙasa ta Sudan, waɗanda ake kira Takari, suna da bukkokinsu a wajen gari ta kudu, a wurin da ake ce wa Nakatu. Daga baya zuriyarsu da sababbin zuwa suka cika Sabil da Gulail da Karantina da makamantansu. A 2021 da 2022 an rushe unguwanni da yawa irin waɗannan. Ba gine-ginen ado ba ne, bulo ne da kwano, ba wanda zai sa su a littafin tarihi, amma in Inna ta tambayi inda masu tuwo da masu tsire suke zama a da, a ce mata fili ne yanzu.

Mu dawo kan soro. Tubali ya fi mangabi rashin jituwa da siminti, domin ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, siminti kuwa ba ya motsi. Cikin damina biyu ko uku zai rabu da bangon, ruwa ya shiga ta tsagar sama ya kwanta a bayansa, ba rana ba iska, gindin katanga ya jiƙe ba wanda ya gani. Ga abin da nake roƙo a yi, ka fi ni sanin masu aikin.

A fara da sama. Zubewar gabas da na gani a hoto ta faro ne daga ƙarƙashin indararo, ko ya toshe ko ya yi gajere yana zuba a jikin bango. A sauya shi da mai tsawo, a gyara gangaren rufin kada ruwa ya kwanta. A tona bakin azara biyu ko uku inda suka shiga bango a soka musu wuƙa: in ta shige da sauƙi, gara ko ruɓa ta riga mu, a tokare a sauya kafin a taɓa yaɓe. Tsagar kan ƙofa kuma kada a cike ta tukuna. A liƙa mata ɗan yaɓe siriri a gicciye wuri 2, a rubuta kwanan wata, a duba bayan wata 1. In ya tsage, ginin na motsi, matsalar a tushe take. In bai tsage ba, tsohuwar tsaga ce, a buɗe ta a cusa ƙasa.

Sannan a kankare duk yaɓen da ya saki har a kai ga mai ƙarfi. A samo birji irin na ginin, a kwaɓa da ciyawa, a tattake, a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa kafin a yi aiki da shi. A yayyafa wa bango ruwa, a yaɓa kaɗan-kaɗan, wani ya bushe kafin a ɗora wani. A ƙarshe a bi da makuba, gabas ta samu shafe biyu tunda ta can hadari ke dukanta. In har akwai dattijon da ya iya haɗa laso da katsi da gashin jima da dafara, a nemo shi don rufin da zankwaye, ko nawa ya ce a ba shi, a kuma sa yaran gida su tsaya kusa da shi yana haɗawa. Siminti yana da wuri guda: a yi daɓe mai gangare a ƙasa, ɗan nesa da gindin bango, ya kore ruwan lungu zuwa kwata.

Kuɗin da aka ware na siminti a riƙe shi, zan ƙaro abin da ya sawwaƙa ƙarshen wata don azara da ladan magina. A fara da zarar ƙasa ta bushe, kafin sanyin hunturu ya yi tsanani ya riƙa fasa ɗanyen yaɓe. A turo mini hoton bakin azarar in an tona.

A gaida Inna da kyau, a gaida Gwaggo da su Kawu da yara duka. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ƙaninka da ke Jidda