Roƙon tallafi: mu rufa ajin da Baba Mai Jita ya bari

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Iyaye, 'yan uwa da tsofaffin ɗalibai, wannan saƙo ne daga kwamitin iyaye da malamai na makarantar unguwarmu da ke Tudun Wada, Kaduna. Yawancinku kun ji rasuwar dattijon da yaranmu ke kira Baba Mai Jita. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi sadakar arba'in, 'yan ta'aziyya sun watse, yanzu ne lokacin da za a dubi abin da ya bari.

Wanda ya san shi daga nesa zai ce makaɗi ne kawai. Mu da muka zauna da shi mun san ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, zamanin da ma'aikata ke tsallaka gadar kogin Kaduna a kan kekuna tun da duku-duku. A can ya koyi jita wurin abokan aiki, don masaƙu sun tara mutane daga kowane sashe na ƙasar nan. Da suka fara rufewa wajen 2002, ya dawo ƙofar gida yana gyaran rediyo. Abokan kiɗansa sun yi ta jan sa zuwa Legas, ya ƙi. Mahaifiyarsa ta tsufa, yara ƙanana ne, kuma shi ba mai iya kwana nesa da iyalinsa ba ne.

Jita tsirkiya shida gare ta, amma a hannunsa sai ka rantse garaya kake ji. Idan tsirkiya ta tsinke babu kuɗin sabuwa, wayar birkin keke yake warwarewa ya ɗaura. Bikin aboki ko na ɗan maƙwabci bai taɓa yanka masa farashi ba, abin da aka liƙa masa ma sau da yawa uwar amarya yake miƙa wa. Wanda duk ya kwanta asibiti a layinmu, shi ne farkon zuwa da kwanon abinci.

Mun san akwai waɗanda ba sa son zancen jita kusa da makaranta, kuma muna girmama ra'ayinsu. Abin da idonmu ya gani shi za mu faɗa: ladan na fara kiran salla yake jingine ta, ya kora yara alwala. Duk ranar Alhamis yakan zo ya koya wa 'yan aji ɗaya da aji biyu taken ƙasa da haruffa da lissafin sau cikin waƙa, shekara da shekaru, ko sisi bai karɓa ba. Cikinku akwai malamai da ma'aikatan jinya da har yau da muryarsa suke tuna bakwai sau takwas.

Shi ne ya fara kawo maganar ƙarin aji, ganin yara na zama a ƙasa sun cunkushe. Bulo na farko da kuɗin gyaran rediyonsa aka saya. Gini ya kai linta, sai ciwo ya kwantar da shi. Ga shi nan tsaye babu rufi, kuma in ruwan Afrilu da Mayu ya same shi a haka, wahalarsa ce za ta lalace a gabanmu. Wallahi wannan ne ke hana mu barci.

Muna neman kwanon rufi, katako, ƙusa, siminti, ƙofa, tagogi da bencina. Mai kuɗi ya ba da kuɗi, mai kaya ya kawo kaya. Kafinta ko magini da zai ba mu yini ɗaya na aikinsa, shi ma ya bayar da babban abu.

Sai kuma gidansa. Mai ɗakinsa tana cikin takaba, ƙananan 'ya'yansa suna karatu a nan wurinmu. Kwamiti ya yanke cewa wani kaso na abin da aka tara zai tafi ga kuɗin makarantarsu da littattafai da yunifom. Manzon Allah (SAW) ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka suke a Aljanna, ya haɗa yatsunsa biyu.

Ana karɓar gudummawa a ofishin hedimasta ranakun karatu, ko a hannun ma'ajin kwamiti bayan sallar Juma'a. Don Allah kowa ya karɓi rasit, komai ƙanƙantar abin da ya bayar. Za mu karanta lissafin shiga da fita a taron iyaye mai zuwa. Waɗanda ke nesa, su aiko ta hannun 'yan uwansu na unguwa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ajin nan ya zame masa sadaka mai gudana, Ya raya abin da ya bari.

Wassalam,
Kwamitin Iyaye da Malamai